Ƙwayar kare da huhun raƙumi

A ɗan shagon maganin dabbobi da nake zama da yamma bayan na taso daga mayanka, babu kwalbar da ke saurin ƙarewa kamar ta ivermectin. Mai tumaki ya saya, mai raƙuma ya saya, mai jaki ma ya saya. Mutanenmu a nan Gadarif, a gabashin Sudan, sun ba allurar nan amana gaba ɗaya. Kaska ita, ƙazwa ita, tsutsar ciki ita, dabba ta rame ita, ta ƙi kiwo ma ita. Ban ga laifinsu sosai ba, don maganin ya cancanci yabo. Satoshi Omura ne ya samo ƙwayar halittar da ke samar da shi a cikin ƙasar da ya ɗebo a Japan, William Campbell da abokan aikinsa na kamfanin Merck a Amurka suka fitar da sinadarin, ya shiga kasuwa a 1981 a matsayin maganin dabbobi. Daga baya aka ga yana maganin makantar bakin kogi a jikin mutum, kuma a kansa ne su biyun suka shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2015.

Sai dai akwai tsutsar da allurar nan ba ta ko girgiza ta, wato tsila da danginta. Maganinta na can saman kanta, kwalin praziquantel, yana shan ƙura. Wata yakan fita ba wanda ya tambaye shi.

Aikina na safe duba nama ne. Kafin a buga wa nama hatimi sai na bi hanta da huhu da hannu. A huhun tsohon raƙumi, musamman irin waɗanda ake korowa daga makiyayar Butana, sau da yawa yatsa kan ci karo da wani ƙulli mai tauri a can ciki. In ka sa wuƙa sai ruwa garau ya yi tsartuwa, wani farin fatari mai santsi ya zamo daga ciki, a ƙasansa kuma ka ga wasu 'yan ƙwayoyi farare sun kwanta. Likitoci na ce wa abin akyas ma'iyya, mu kuwa jakar ruwa kawai muke cewa. Kowace ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin nan kan wata 'yar ƙaramar tsila ce da ke jiran hanjin kare, kuma jaka guda kan ɗauki dubbai. A tumaki da shanu ma ana samu, amma a ƙasar nan raƙumi ne uban tafiya, har masu bincike sun tabbatar irin da ya fi yawo a Sudan shi ne wanda suke kira na raƙumi.

To me mahauci ke yi da wurin da ya lalace? Ya yanke, ya wurga ta bayan katanga, inda karnuka ke zaune tun asuba suna jira. Bayan kamar mako shida kawunan nan sun zama tsutsotsi a hanjin kare, kowace tsawonta bai wuce milimita 3 zuwa 6 ba, sun fara zubar da ƙwai a kashinsa. Ƙwan ya manne a gashinsa da bakinsa, ya hau ciyawa, ya shiga hafiri, wato tafkin tara ruwan sama da dabba da mutum ke sha tare, ya hau ganyen jarjir da tumatirin da muke ci ɗanye. Raƙumi ya ci, jaka ta fito masa. Yaro ya yi wasa da ƙasar tsakar gida ya sa hannu a baki, shi ma jaka ta fito masa, mafi yawa a hanta, wani lokaci a huhu. Tana girma a hankali, shekaru ba a sani ba, sai ranar da aka ɗora masa na'urar hoton ciki. Daga nan sai shan maganin albendazole na watanni, ko tsotse ruwan da allura, ko tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum sama da miliyan 1 na ɗauke da ciwon nan.

Da yawa in an yi maganar sai su ce ai marara ce ke kawo shi, wato ɗanyen kayan cikin da ake ci a nan. A'a. Mutum ba ya ɗaukar jakar ruwa ta cin ɗanyar hanta ko huhu, ko da da jakar ya haɗiya. Ta hanyar kare take zuwa. Ba wai ina wanke marara ba ne, tana da nata laifin: ƙaiƙayin maƙogwaro da kumburin fuska da kan kama wasu bayan sun ci, wata halitta ce dabam mai suna Linguatula ke kawo shi, ita ma kuwa babbarta a hancin kare take zama.

Kawuna ya tsufa a fawa, a hannunsa na koyi riƙe wuƙa kafin in san hanyar makaranta. Ranar da na ce masa, "Kawu, don Allah wannan kar a ba karnuka, a rami za a sa," sai ya nuna mini wani jan kare da bakin wuƙa ya ce, "Ɗana, tun zamanin kakanka ake jefa musu. Ka taɓa ganin karen mayanka ya kwanta ciwo? Dube shi can, ya fi ka ƙiba." Gaskiya ya faɗa kuwa. Kare zai ɗauki dubban tsutsotsin nan yana ta harkarsa, ba zawo, ba rama. Abin da ya sa ba a sayen ƙwayar praziquantel ke nan, wa zai kashe kuɗi a kan dabbar da lafiyarta lau?

Praziquantel ba baƙon magani ba ne a wurinmu. Shi ne ake raba wa 'yan makaranta don tsargiya, wanda ya tashi kusa da magudanan noman rani na yankin Jazira ya san ɗacinsa. Kamfanonin Bayer da Merck na Jamus ne suka haɗa shi a shekarun 1970. Ga kare, miligiram 5 ake ba kowane kilo, wato ƙwaya mai miligiram 50 ga kilo 10. Karen gida irin namu mai kilo 15 zuwa 20, ƙwaya biyu ta ishe shi. Yana sa jikin tsutsar ya ɗaure, fatarta ta farfashe, ta saki bangon hanji, sai hanjin ya narkar da ita. Shi ya sa mutum kan dawo ya ce mini, "Malam, maganinka bai yi ba, ban ga komai ya fito ba." Ba za ka gani ba. Abin mamaki, an shekara wajen 40 ana amfani da shi kafin masu bincike su gano, a 2019, ainihin ƙofar da yake buɗewa a jikin tsutsar.

Abu biyu ne bincike ya nuna da ba a rubuta su da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Na farko, maganin yana kashe tsutsa amma ba ya kashe ƙwai, don haka kashin da kare ya yi a kwana biyu bayan shan ƙwaya cike yake da haɗari. A ɗaure shi, a kwashe da shebur, a ƙone ko a binne da zurfi. Na biyu, ba rigakafi ba ne. Yau ka ba shi, gobe ya ci huhu mai jaka, an koma gidan jiya. Don haka ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske suke ba karnuka duk bayan mako shida, kafin sabuwar tsutsa ta kai ga yin ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an gaza, a yi aƙalla sau 4 a shekara.

Labarin da na fi so shi ne na Aisilan. A ƙarni na 19 ciwon nan ya addabi tsibirin. Wani likita ɗan Danmak, Harald Krabbe, ya je a 1863 ya bincika karnukansu, a 1864 aka buga ɗan littafin bayani da harshensu aka raba gida-gida. Mutane suka daina ba kare kayan cikin tumaki, aka sa wa karnuka haraji, yanka ya koma mayanka. Sun ci ƙarfin ciwon tun ba a ƙirƙiro praziquantel ba. Niyu Zilan ta fara nata yaƙin a 1959, da farko da wani maganin gudawa mai suna arecoline, daga baya da praziquantel, sai a 2002 ta bayyana cewa ta rabu da shi. Shekara 43, da doka da kuɗi da ma'aikata. Kuma su tsibirai ne. Mu karnukanmu na bin garken ƙabilun Shukuriyya da Lahawiyyin da na Fulani daga Butana zuwa bakin iyakar Habasha su dawo, ba mai tambayarsu takarda. Akwai allurar rigakafi ta tumaki mai suna EG95 da masanan Ostareliya da Niyu Zilan suka fitar a shekarun 1990, ana amfani da ita a Sin da Ajantina, amma ni dai ban taɓa riƙe kwalbarta ba.

Wasu kan kawo mini maganar addini, wai kare najasa ne, ina ruwan musulmi da ba shi magani. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san malamanmu ba su ce jikin kare mai rai najasa ba ne, kuma an halatta kare na kiwo da na gona da na farauta. Wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa ma an gafarta masa. Amma ko mu ajiye wannan gefe, wanda ya fi ƙyamar kare shi ya fi dacewa ya so a ba shi ƙwayar, tunda yaransa ne ke rarrafe a inda karen maƙwabci ya tsuguna.

Kyanwa ba ta cikin wannan shari'ar, tsutsar jakar ruwa ba ta girma a hanjinta. Nata tsilar dabam ce, ɗaya daga ɓera, ɗaya daga ƙuma da take haɗiyewa in tana lasar jiki. In ka ga wasu 'yan abubuwa kamar riɗi sun bushe a gindin wutsiyarta ko a inda take kwana, gaɓoɓin tsila ne. Praziquantel na kashe ta, amma in ba a kashe ƙumar ba za ta dawo. A nan ne ake ɓarna. Bayan faɗuwar birnin Madani a yaƙin Sudan a Disambar 2023, Gadarif ta cika da baƙi, wasu har da kyanwoyinsu masu dogon gashi da ake ce wa shirazi. Wata baiwar Allah ta shigo shago da tata a cikin tawul, jikin kyanwar na karkarwa, kunnuwa na motsi su kaɗai, yawu na zuba. "Yaya, me kika sa mata?" Ta ce ruwan wankan shanu ne maƙwabci ya tsiyaya mata don ƙuma. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa sinadaran da ke cikin irin ruwan nan, permethrin da 'yan uwansa irin su cypermethrin, yadda ta kare ke yi, ɗan kaɗan sai ya hau mata jijiya. Muka wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, likita ya yi mata allurar kwantar da jijiya, ta sha da ƙyar. Haka Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Mai shafa wa kare baƙin man mota don ƙazwa kuwa, Allah ya shirye shi, ga ivermectin ɗin da yake aiki a kan ƙazwa yana gabansa.

Su waɗannan baƙin ne suka fara tambayata magungunan ƙuma da kaska irin su Frontline da NexGard da Bravecto. Magunguna ne masu kyau. NexGard ya fito a 2013, Bravecto a 2014, ƙwaya ɗaya ta Bravecto na kare kare daga ƙuma har mako 12, ko da yake a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa rukunin su NexGard da Bravecto kan jawo wa wasu dabbobi karkarwa ko farfaɗiya. Amma da dala ake lissafinsu, kuma ba sa taɓa tsila. Ra'ayina, kuɗin bincike aljihun mai dabba yake bi. Karen da ke kwana a kan kujera a Turai duk shekara sai an fito masa da sabon abu, mu kuwa abin da muke bukata an gama gano shi tun kafin a haife ni, kai shi bakin kare ne ya gagara.

Su ma can ba su tsira ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Jojiya ta Amurka sun nuna cewa tsutsar hanji mai shan jini ta daina jin manyan magungunan da aka saba ba ta, abin ya faro ne daga karnukan tsere da ake ɗura wa magani ba ƙaƙƙautawa. Shekara guda kafin nan an ba da rahoton tsilar ƙuma da ta ƙi jin praziquantel a wasu karnuka. In na tuna yadda muke zuƙar ivermectin da ka, ba awo ba lissafi, wannan ya wuce kima wancan bai kai ba, sai gabana ya faɗi.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sai hanyar Khartum ta yanke, kaya suka koma shigowa ta Bur Sudan, ɗan kasuwa kuma abin da ke tafiya yake ɗaukowa. Ragowar kwalin da nake da shi na raba wa mahautan da ke da karnuka a gida, tare da roƙon a haƙa rami kafin babbar Sallah, don ranar layya kowane gida mayanka ne kuma ba mai duba hantar kowa. Kawu ya yarda da ƙwaya, ramin ne har yau muke ja. Karnukan da ba su da mai su kuwa sai dai dabarar da aka gwada wa dilolin daji a Jamus, a cusa maganin cikin abinci a watsa musu. Na gwada da jan karen nan, na naɗe masa biyu a cikin kitsen tozo. Ya haɗiye kitsen, ya tofar da ɗaya. Mako mai zuwa zan daka ta in cuɗa da dakakken nama in gani.