Yadda na ƙara wa iMac mai inci 27 ƙarfi ba tare da na yi asarar sikirin ba

Sana'ata zanen katin biki da fosta da kalanda, sannan ina tace bidiyon bukukuwa a nan Kano. Kwamfutar da nake neman abinci da ita iMac ce mai inci 27, ƙirar 2017, ta hannu na saye ta. Irin nan ce da komai nata yake cikin jikin sikirin, babu wani akwati a ƙarƙashin tebur. Da masu ɗaukar bidiyo suka koma kawo mini aiki a 4K, wato bidiyo mai tsananin kaifin hoto da girman fayil, sai ta fara nauyi, in ka buɗe Photoshop da manhajar tace bidiyo a lokaci guda sai ka zauna zaman jira. Abokan sana'a suka ce in sayar in huta. Sikirin ɗin ne ya hana ni. Ɗigo 5120 ne a kwance, 2880 a tsaye, kuma launin da na gani a kansa shi nake samu a takarda. Ga shi tun watan Maris na 2022 Apple ta daina yin iMac mai inci 27. Sababbin inci 24 ne, kuma memorin (wato RAM) da ka saye su da shi ba a ƙara shi.

Saboda haka duk gyaran da na yi, da tambaya ɗaya na auna shi: zai taɓa gilashin nan ko ba zai taɓa ba?

Kafin ka sayi ko da waya guda, ka san shekarar taka. Danna tambarin Apple a kusurwar hagu ta sama, ka danna layin farko na jerin da zai fito, zai gaya maka. Daga ƙarshen 2012 zuwa 2020 jikinsu kusan iri ɗaya ne a ido, amma cikinsu ya sha bamban. Ta ƙarshen 2015 memorin DDR3 take ci, ta 2017 DDR4 mai gudun 2400, ta 2019 da ta 2020 DDR4 mai gudun 2666. In ka je kasuwa ka ce a ba ka "RAM na iMac" kawai, abin da ke kusa da hannu za a miƙo maka.

Da memori na fara, don shi ne mafi sauƙi. A bayan mai inci 27 akwai wata 'yar ƙofa a saman inda wayar wuta take shiga. Ka kashe kwamfutar, ka zare komai, ka shimfiɗa tawul mai laushi ka kifa ta a kai. A cikin ramin soket ɗin akwai ɗan maɓalli, in ka danna shi ƙofar za ta ɓalle. Gurbi huɗu ne a ciki. Tawa ta zo da 8GB, wato biyu masu 4GB, gurbi biyu kuma babu kowa. Na sa biyu masu 16GB iri ɗaya, kamfani ɗaya, ta koma 40GB. Da na kunna sai ta yi baƙi na ɗan lokaci kafin ta tashi. Haka take yi in an canza mata memori, kada hankalinka ya tashi. Masu inci 21.5 ba su da wannan ƙofa, su sai an buɗe gaba.

Memori ya taimaka wajen buɗe manhajoji da yawa, amma nauyin tashi da nauyin buɗe fayil suna nan. Ciwon yana wurin ajiya. Tawa tana da abin da ake kira Fusion Drive mai 1TB: faifai mai juyawa aka haɗa da ɗan ƙaramin SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, suka zama kamar abu ɗaya. A ƙirar 2017 ɓangaren SSD ɗin 32GB ne kacal, a ta ƙarshen 2015 ma 24GB ne, sai masu 2TB da 3TB ne suke da 128GB. Bidiyon biki ɗaya ya isa ya cika wannan ɗan wuri, daga nan komai ya koma kan faifai mai juyawa wanda da ƙyar yake kai 200MB a daƙiƙa.

Maganin da ya fi yi mini amfani bai buƙaci sukurudireba ba. Ta 2017 tana da ramuka biyu masu saurin gaske a baya, ana ce musu Thunderbolt 3. Na sayi SSD irin na NVMe, wato nau'in da ya fi sauri, na sa shi a gidansa na ƙarfe, na jona ta waje. Na goge shi a tsarin ajiya na Apple (APFS), na ɗora masa macOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, na kwaso kayana da manhajar Migration Assistant, sannan na zaɓe shi ya zama inda kwamfutar za ta riƙa tashi. Ta wannan hanya gudun yana haura 2000MB a daƙiƙa. Wanda kuɗinsa bai kai gidan Thunderbolt ba, gidan USB-C mai sauƙin kuɗi yana ba da kusan 900MB a waɗannan ramukan, kuma wallahi ko shi ya isa ka ji kamar sabuwa ka saya. Mai ta 2015 ma, ramin USB 3 zai ba shi wajen 400MB, ninki biyu na tsohon faifai. Abu biyu dai za a kula: gidan yana ɗaukar zafi, kada a tura shi cikin lungu, kuma kada wayar ta zauna inda yaron shago zai fizge ta ana tsakiyar aiki. Ni na manne tawa a jikin ƙafar kwamfutar. Da yadda wutarmu take zuwa tana tafiya, UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, shi ma ba ado ba ne, don ɗaukewar wuta ana cikin rubuta fayil tana iya lalata shi.

Da a ce a wata ƙasa mai sanyi nake, da a nan zan tsaya. Amma kwamfutar nan ta ƙasan sikirin take shaƙar iska, ta fitar ta baya, kuma fanka ɗaya ce take sanyaya komai. Bayan ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, sai fankar ta koma ihu ko a ƙaramin aiki, musamman a watan Afrilu. Dole aka buɗe.

Ba ni na buɗe da hannuna ba, kuma ban ba wa kowa ba sai da na ga wanda ya taɓa buɗe irinta. Na 2009 zuwa 2011 maganaɗisu ne yake riƙe gilashinsu. Daga ƙarshen 2012 kuwa gam ne, kuma gilashin da sikirin abu ɗaya ne, in ɗaya ya tsage duka sun tafi. Na tambayi mai gyaran, "Injiniya, da me za ka yanka gam ɗin?" Ya ɗauko wata 'yar taya ta roba ya nuna mini. Ya ce, "Yallaɓai, duk wanda ka ga ya ɗauko reza, ɗauki kayanka ka tafi." Yana da gaskiya: in abin yankan ya shige fiye da kusan santimita 1 zai iya taɓa wayoyi ko kyamara. Ya bi gefe-gefe a hankali, ya ɗaga saman kaɗan, ya cire wayoyi biyu da suka haɗa sikirin da babban allon kayan cikin kwamfutar, sannan muka kama tare muka kwantar. A ciki allon wuta a buɗe yake, babu murfi, kuma yana iya riƙe caji ko bayan an zare soket, don haka ba a kai masa yatsa.

Ƙurar da ta daskare a jikin fanka da hanyar iska ta kai kaurin bargo. Ya share ta, kuma tunda an riga an buɗe, muka cire tsohon faifan muka sa SSD na SATA a kan ƙarfen da ke daidaita shi da gurbin. Wasu ƙirar, in aka cire faifan asali, fanka takan tashi da gudu don ta daina jin zafinsa; akwai 'yar wayar auna zafi da ake haɗawa, akwai kuma manhajar Macs Fan Control mai daidaita gudun fanka. Ya ce zai iya canza mini furosesa da ɗan SSD ɗin da ke bayan babban allo. Na ce a'a. Sai an kwance kusan komai kafin a kai gare su, kuma ribar ba ta kai kasadar ba. Mai ta 2020 shi ma ya sani, ita babu faifai mai juyawa a cikinta, ajiyarta tana ɗaure da guntun tsaro na Apple mai suna T2, daga waje kawai zai ƙara.

Inda na fi tsayawa shi ne rufewa. Gam ɗin da za a mayar dole ya zama wanda aka yanka musamman domin wannan ƙirar, kuma sai an kankare tsohon tas. Tef mai manne biyu na kasuwa ba ya jure zafin da ke haura digiri 40 ga kuma zafin injin a ciki. In ya saki, sikirin gaba ɗaya zai faɗo kan tebur. Mun gwada komai yana aiki kafin a manna, sannan na bar tef na takarda yana riƙe da saman na 'yan kwanaki.

Akwai iyakar da kuɗi ba ya ɗagawa. Ta ƙarshen 2015 ta tsaya a macOS Monterey, tawa a Ventura, ta 2019 a Sequoia, ta 2020 kuma Tahoe ce ta ƙarshe, daga ita babu sauran sabon macOS ga masu furosesan Intel. Wasu suna tsallake wannan da OpenCore Legacy Patcher, manhajar da ke ɗora sabon macOS a kan tsohuwar Mac, amma ni ba zan ɗora aikin mutane a kan abin da sabuntawa ɗaya za ta iya birkitawa ba. Kuma masu sikirin 5K irin tawa ba sa karɓar hoto daga wata kwamfutar, wannan damar tsofaffin ƙira ne kawai suke da ita. Sai dai ana sayar da wani allo daga Sin wanda in an cire kayan ciki aka jona shi da sikirin, iMac ɗin za ta koma sikirin zalla mai ramin DisplayPort da HDMI. Ranar da manhajojin aikina suka daina hawa Ventura, shi zan sa, in haɗa ta da Mac mini, ƙaramar kwamfutar Apple wadda ba ta zuwa da sikirin, SSD ɗin waje kuma in zare shi in mayar can.