Sifirin da na ba wa tela a Domayo

Lokacin da nake haɗa memuwar ɗina, wato kundin binciken gama karatu, na sikoloji a Marua, batun uba da tarbiyya na ɗauko, wai ni mai karatu. Na sha rubuce-rubucen masanin sikoloji Michael Lamb kamar kunu, shi ne tun 1975 ya ce masu bincike sun manta da uba, kowa uwa uwa kawai. Shi da abokan aikinsa suka kasa aikin uba gida uku: zama da yaro kai tsaye, kasancewa kusa in ya neme ka, sai ɗaukar nauyi. Na buga takardar tambayoyi na hau moto sai unguwar Domayo.

Wani dattijo tela na fara samu. Na ce Baba, awa nawa kake wasa da ɗanka a rana? Ya tsayar da keke ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "ɗana, ni sa'ansa ne?" Na rubuta sifiri na wuce, kuma wallahi haka na yi ta jera sifiri har na fara cewa a raina mazan nan ba su san 'ya'yansu ba.

Abin haushin ma ni ɗan fari ne, babana bai taɓa kiran sunana ba sai dai "kai wannan", na san kunyar ɗan fari tun ina rarrafe, maƙwabtanmu Fulani na ce mata semteende, amma da na riƙe biro sai na manta gidan da na fito.

Wajen mai shayi na sake haɗuwa da telan da daddare, babu takarda. Hira ta kai ga zazzaɓin damina, sai ga shi yana ba da labarin yadda ya sayar da kekensa na biyu ya kwana uku kan bencin asibiti, yana leƙen yaron ta taga don surukarsa na ciki. Bai kalle ni ba yana maganar, titi yake kallo. Tun ranar na daina zaunar da namiji gaba da gaba, gefensa nake zama.

Daga baya na ci karo da rubutun masanin sikoloji Bame Nsamenang, namu ne ɗan Kamaru, ya rasu 2018, ya daɗe yana cewa yaro a nan ba na mutum biyu ba ne, akwai baffa da kawu da yayye. Ga kuma wani mai bincike Barry Hewlett da ya zauna da mutanen Aka a Afirka ta Tsakiya, can uba na yawan rungumar jariri. To wanne ne "uban Afirka"?

Ba wai ina wanke kowa ba fa, akwai masu fakewa da kunya su bar mace da kuɗin lekol da magani, na gansu da yawa, su ma sifiri suka ci, layi ɗaya da telan. Memuwar an riga an buga an ɗinke, har yau a shafin tebur ɗin nan sifiri ne a gaban telan.