"To" ɗin manomi

Aikin malamin gona a yankin Auyo da Kafin Hausa ya koya mini sauraro, kuma babu kalmar da ta ba ni aiki kamar "to".

A makaranta an karantar da mu cewa shinkafa irin Faro 44 ana dasa ta tana da kwana 21 a wurin reno, a bar tazarar santimita 20 tsakanin shuka da shuka. Yadda dattijo zai amsa wannan bayani kuwa, sai a bakin gona ake koyonsa. Ka gama jawabi a gindin darbejiya, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, malam." Ya ji ka, ya kuma girmama ka, iyakarta ke nan. Bai ce zai bar yafin iri ya koma dashe ba. Mutumin karkara ba ya son ce wa baƙo a'a ido da ido, sai ya sallame ka da mutuncinka.

Idan ya ja ta, "tooo", lissafin kuɗin 'yan dashe yake yi a ransa. In ya jero "to, to, to", ka taƙaita, injin ban ruwansa na can yana shan fetur. "To fa!" ta ranar tashin hankali ce, ranar da tsuntsayen jan baki suka sauka a gona, ko ruwan Kogin Haɗeja ya fasa jinga kamar a ambaliyar 2022.

Wadda na fi daraja ita ce "to ai". A bayanta gaskiya take fitowa. "To ai ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwan, ba ya isowa gonata." "To ai buhun takin yuriya ya fi ƙarfina bana." Ma'aikata da yawa suna ɗaukarta gardama, su katse mutum. Ni a nan nake buɗe littafina, domin wanda ya ce "to ai" ya auna maganarka da gonarsa ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne rahoton da ake kaiwa ofis wai manoma sun amince, alhali "to" ta ladabi aka ƙirga. Damina ta zo, ba a ga dashe ba, sai a ce mutanen ƙauye ne da taurin kai. Wanda ya amince da gaske zai biyo ka har wurin babur ɗinka ya ce, "To malam, yaushe za a kawo irin, kuma nawa ne kwano?"