Kayan tarar yara da hannuwan manya

Ranar wata Laraba ce, ƙarfe bakwai saura kwata, mai adaidaita sahun da ke kai yarana makaranta yana ta danna hon a ƙofar gida. Na zura hannu cikin kwalin biskit na ji wayam. Da na jawo shi na leƙa, guda biyu kacal suka rage, alhali ranar Asabar na sayo shi a kasuwar Singa da lissafin zai kai mu mako uku. Yara uku, kwana biyar a mako, kowa ɗaya a rana, goma sha biyar ke nan duk mako.

Na saka wa ƙananan biyu a jaka, na shiga laluben canji ban samu ba. Babbar, 'yar shekara tara, ta dube ni ta ce, "Umma, bar shi, ba na jin yunwa." Ta saɓa jakarta ta fita. Na san idan aka kaɗa ƙararrawar tara za ta zauna tana kallon ƙawayenta suna buɗe nasu, kuma ba za ta roƙi kowa ba, don haka na tarbiyyantar da ita. Wunin ranar zuciyata na makaranta.

Babu ɓarawo a gidanmu. Da na sa ido, sai na ga maigida yana ɗaukar biyu ya haɗa da shayi bayan isha'i. Ƙaninsa da ke zaune tare da mu yana karatu, idan zai fita ya jefa ɗaya a aljihu. Hajiya, surukata, duk yaron maƙwabta da ya shigo gaishe ta ba ya fita hannu rabbana. Ni ma nakan ɗauka idan girki ya yi jinkiri. Kowa a ransa ɗaya ce kawai ya ɗauka.

Wahalar maganar ita ce, a gidan da na tashi ba a ƙirga abinci. A ce da mace marowaciya ya fi mata ciwo a kan mari. To da wane baki zan ce wa uwar mijina ta daina bai wa yara biskit? A da ma ba sai an yi maganar ba, in ya ƙare a sayo wani. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, kwalin nan ya zama abin da sai an ware masa kuɗi tun farkon wata.

Dabarar da na fara yi kuskure ce. Na ɓoye sabon kwali a cikin sif, ƙarƙashin zannuwa, na kulle na riƙe makulli. Bayan kwana huɗu Hajiya ta yi baƙuwa da ƙaramin yaro, ta aiki autana ya ɗauko masa biskit. Yaro ya koma ya ce, a gaban baƙuwa, "Umma ta kulle." Hajiya ba ta ce uffan ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗi ta aika shago. Ina tsaye a kicin ina jin komai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigida ma da ya ji labari ransa ya ɓaci, ya ce yanzu a gidansa ake kulle wa mahaifiyarsa abinci?

A daren na ɗauko kwalin na ajiye a gabansa, na ƙirga masa goma sha biyar, na ce wannan na mako ɗaya ne. Sannan na gaya masa abin da 'yarsa ta ce mini ranar Laraba. Ya yi shiru mai tsawo, ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba tuntuni?" Ashe bai taɓa sanin da lissafi ake sayo shi ba. Makonni ina ƙunar rai a kan abin da ban buɗe baki na faɗa wa kowa ba.

Shi ya yi wa ƙaninsa magana. Hajiya kuwa ni na je da kaina na durƙusa na ba ta haƙuri, ban kawo zancen ƙirga ba. Na kai mata gwangwanin madara cike da cincin na ce, "Hajiya, ga na baƙinki." Ta yi ta sa albarka. Ita kyautar take so ta yi, kuma hakkinta ne ta samu abin miƙawa.

Yanzu duk Lahadi bayan la'asar nake kwaɓa fulawa mudu biyu da sukari da bota da ƙwai, in soya cincin. Sai ya huce sarai kafin a ƙulla, in ba haka ba ya yi gumi a leda ya yi laushi tun kafin Talata. Yaran ke ƙulla ledoji goma sha biyar da hannunsu su jera a roba mai murfi, kuma ba a kulle ta. Sauran in raba biyu, gwangwanin Hajiya da wata kwalba da ke kan tebur, tare da soyayyar gyaɗa, ta kowa da kowa. Na lura tsakanin la'asar da magariba hannu ya fi kai wa kayan yara, lokacin da na rana ya narke tuwo bai sauka ba. Tun da kwalbar nan ta zauna, robar ta samu lafiya. Biskit ɗin kanti sai jefi-jefi, kuma cincin ɗin gida ya fi riƙe musu ciki.

Makon jiya na ƙirga na ga saura ɗaya babu. Kafin in yi magana, ƙanin maigida ya yi sallama da asuba, ya miƙo mini biskit daga shagon bakin layi, ya ce, "Anti, jiya da dare na ci na yara, ga shi a saka musu."