Abin da kafiretar wata tsohuwar Peugeot 504 ta koya mini

A ƙarshen wannan wata zan bar garejin da na shafe shekara 11 ina aiki a cikinsa a Kaduna, kuma cikin dukan motocin da suka bi ta hannuna, babu wadda take dawo mini a rai kamar 504 ɗin wani dattijo da muke kira Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya riƙe ta tun tana sabuwa. Duk bakaniken da ya tashi a garin nan ya san matsayin wannan mota, domin tun 1975 aka fara haɗa ta a nan, aka kuma yi kusan shekara 30 ana fitar da ita, har ya zama da yawa daga cikinmu a kanta muka fara riƙe sifana.

Motar Alhaji mai ƙaramin inji ce, XM7 mai cc 1796, wanda ke aiki da kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, ƙirar Solex 34 mai maƙogwaro ɗaya. Koken Alhaji shi ne silo, wato juyawar inji idan ba a taka totur ba, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da na girgiza sandar da ke juya marfin totur sai na ji ta yi lakwaf, wato mazauninta ya cinye, iska tana kutsawa ta gefe. Maganin wannan sananne ne: a sa wa mazaunin sandar sabon bushin, a sauya gaskit da allurar fulot mai daidaita man da ke shiga kafiretar, a mayar da ita. Amma maigidanmu yana da wata Solex 32/35 mai maƙogwaro biyu, ta babban inji XN1 mai cc 1971, wadda ta daɗe a kan kantar gareji ba ta samu mai saye ba. Ya ce da ni in ɗora ta, ya kuma gaya wa Alhaji cewa motarsa za ta ƙara ƙarfi. Ban musa ba, kuma ba tsoro kaɗai ya hana ni ba, ni ma a lokacin na ɗauka cewa babbar kafireta alheri ce ga kowane inji.

Tun da manifol ɗin motar, wato bututun da ke kai mai da iska daga kafireta zuwa cikin inji, rami ɗaya gare shi, sai aka yanka mana farantin ƙarfe don a haɗa biyun. Da muka tayar, injin ya riƙa shaƙewa duk lokacin da aka taka totur. A nan ne na yi kuskuren da ba zan ɗora wa kowa ba. Na ga alamar ƙarancin mai, sai na cire babban jet, wato ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa, na faɗaɗa raminsa da siririn ƙarfen huda, alhali kuwa ba mai ne ya yi kaɗan ba, iska ce ta yi yawa, domin fuskar farantin ba ta kwanta daidai ba. Da na fesa ɗan fetur a gindin kafiretar na saurari ko karar injin za ta sauya, da cikin minti biyu na gano. Injin fetur yana son kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi, kuma ramin jet ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ni kuwa na shiga masa da ido da hannu kawai. Shaƙewar ta ragu, muka karɓi kuɗi, Alhaji ya yi mana addu'a ya tafi.

Bayan wata uku ya dawo, salansa na zubar da hayaƙi, fulogi sun yi baƙi ƙirin, baƙin mai kuma yana warin fetur. Man da ya yi yawa bai ƙone duka ba, sai ya riƙa wanke maiƙon da ke jikin silinda yana gangarawa ƙasa, har ringi suka cinye. Injin da ba a taɓa buɗewa ba sai da aka sauke shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya faru ne a gabansa. Maigida ya kira ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ne ya yi gaban kansa, ni gyara na ce ya yi." Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ya sa ba ka gaya mini gaskiya ba?" Na sunkuyar da kai, saboda rabin laifin nawa ne, sauran rabin kuwa ba ni da bakin faɗarsa. An cire kuɗin ringi da na farantin daga haƙƙina, kuma har yau maganar ba ta sake haɗa ni da maigida ba.

Tun daga ranar, ba na zaɓar kafireta sai na karanta lambar inji da idona, domin tsofaffin motoci da yawa an sauya musu inji, tambarin da ke bayan but ba shaida ba ne. Ina duba ko ramin manifol, da mahaɗin wayar totur, da bututun iska mai zuwa distiributa duk sun dace. Tsohuwar ta asali, muddin jikinta bai tsage ba, ta fi sabuwar kwaikwayo da lambar jet ɗinta ba ta da tabbas. Jet kuma sauya shi ake yi da mai lamba, ba a huda shi. Matsayin fulot da lokacin wuta su ake fara daidaitawa kafin a taɓa sukurun mai.

Solex ɗin Alhaji na tsamo ta daga cikin tarkace, na sa mata bushin da kuɗina, na kai masa gida na ɗaura, kuma silo ya tsaya cak. Mai maƙogwaro biyun kuwa maigida ya sa an wanke ta an mayar kan kantar gareji, da hudajjen jet ɗin a cikinta. Na nuna wa yaran da nake koya wa aiki ita ɗaya bayan ɗaya, na gaya musu abin da ke ciki da wanda ya huda shi, don ranar da za a ce su ɗora wa motar wani.