Wai matan Indiya ba su san saki ba

Ɗan yayata da ke karatun haɗa magunguna a birnin Bangalor na Indiya ya zo gaishe ni da albishir ɗin ya samu yarinya a can. Ban tanka ba sai da ya kawo dalilinsa: "Kawu, su fa matan Indiya ba su san saki ba. Duk abin da ka yi musu suna nan. Ba irin namu na Kano ba." Wannan maganar tawa ce, da bakina na taɓa yin ta.

Lokacin ina digiri na biyu a Haidarabad. Na bar matata da yaro ɗaya a gidan mahaifiyata. Kullum sai ta kira: cefane bai isa ba, ƙannena sun sa ta gaba, yaushe zan dawo. Ni kuma ga matar mai gidan da nake haya, tun asuba tana yi wa surukarta hidima, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Sai na mayar da baiwar Allah nan sandar dukan tawa matar. Har alƙaluma na haddace: ƙidayar 2011 ta samu kimanin mutum miliyan 1.36 da aurensu ya mutu, a ƙasar da ta haura mutum biliyan 1.2. Na riƙa karanta mata su ta waya, ita da take tambayata kuɗin madarar yaro.

Ba wai ina wanke kaina ba ne, amma kuɗin tallafin karatu ya tsaya, ana bina kuɗin haya, ita ma bakinta ba ya shiru. Ranar da ta ce in zaɓa tsakaninta da takardar digiri, na rubuta mata saki uku a saƙo ɗaya na tura.

Bayan 'yan watanni, ranar 22 ga Agusta 2017, Kotun Ƙolin Indiya ta soke saki uku a furuci ɗaya, alƙalai uku suka rinjayi biyu. Wadda ta kai ƙarar, Shayara Bano, ta wasiƙa mijinta ya sake ta bayan shekara 15 da aure. Na zauna a wurin mai shayi ina ta cewa kotu ba ta da hurumi a sha'anin addini, kuma har yau ban sauka daga wannan ra'ayin gaba ɗaya ba. Sai dai ban iya gaya wa kowa a teburin abin da ke cikin wayata ba. A 2019 majalisar Indiya ta mayar da irin wannan sakin laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara uku.

Wata 'yar ajinmu da ta karanci shari'a ce ta buɗe min sauran lissafin. A ƙidayar nan da nake tutiya da ita, waɗanda suka rabu babu takardar saki sun kusa ninka masu sakin sau uku. A can, a mafi yawan gidaje, iyayen amarya ne ke biyan ango dukiya. An haramta hakan tun 1961, bai daina ba, kuma duk shekara 'yan sanda na rubuta mutuwar mata sama da 6,000 a kan rigimarsa. Uban da ya ci bashi ya aurar da 'yarsa, ina zai sa ta idan ta dawo? Ga "me mutane za su ce", wadda ita ce amsar kusan kowace uwa. Ga kotu: ko ma'aurata Hindu sun yarda su rabu, damar da aka ba su a 1976, sai sun shekara a rabe, sannan a bisa ƙa'ida su jira wata shida. Idan ɗaya ya ƙi, shari'ar na iya cin shekaru. Bazawararmu tana gama idda manema na sallama. Tasu sau da yawa shi ke nan. Shirun matar mai gidana, ban san ko na daɗi ba ne, domin ban taɓa tambaya ba.

Kuma wannan Indiyar ma tana shuɗewa. Yarinyar Bangalor ko Mumbai mai albashinta ta san hanyar kotun iyali. A 2023 Kotun Ƙoli ta ce ita kanta tana iya raba auren da ya lalace babu gyara.

Na shirya shawarwari da yawa, biyu suka rage. Kada ka auri mace don kana zaton ba ta da wurin zuwa. Kuma kada ka yi saki ta waya, ka taka ka je. Ku 'yan yanzu komai a yatsa, soyayya a yatsa, rabuwa a yatsa, ko gaisuwar manya sai ta hoto. To, ni da nake faɗan, da me na tura nawa sakin?

Ina son in ce ku koyi haƙuri, don sakin da ake yi a Kano ya wuce hankali. Amma idan ƙanwarka ta kira tana kuka, kada "yi haƙuri" ta zama farkon abin da za ka ce. Na san maganganun biyu suna karo da juna, ku daidaita su da kanku.

Wanda kuma ya nace sai 'yar Indiya, ya fara zuwa gaban ubanta, sannan ya tambaye ta ko za ta ajiye aikinta ta zauna gida ɗaya da Hajiya.