Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bayan An Sallame Ni

Assalamu alaikum masu bibiyar labarina. Satin da ya wuce mun tsaya ne a inda aka sallame ni daga asibiti bayan kwana 41 ina jinyar lalurar ƙwaƙwalwa, to yau daga bakin ƙofar zan ɗora, don wallahi ni a gurina daga nan ne ainihin wahalar ta fara.

Takardar sallama aka miƙo min da leda mai maganin sati biyu da kati da aka rubuta ranar dawowa ganin likita, shi kenan. Yaya ce ta ɗauki jakata ni kuma na riƙe ledar ƙam kamar wani zai fizge, muna fitowa rana ta dake ni a ido na ja na tsaya, tace Auta mu tafi mana, nace Yaya to yanzu in na kasa barci cikin dare wa zan gaya wa? Bata ce komai ba sai ta kama hannuna. A ciki akwai nas ko ƙarfe biyun dare ne, akwai mai lura ko na sha magani ko ban sha ba, amma a waje babu kowa sai Yaya da Umma waɗanda su ma ba wanda ya zaunar da su ya musu bayanin me ke damuna da abin da za su yi in ya motsa.

Ciwon nawa kamar yadda na faɗa muku a baya likita ya kira shi baifola, mutum ya hau sama ya kwana uku huɗu ba barci yana ta surutu da tsare-tsare, sannan ya faɗo ƙasa ya kasa ko ɗaga kai daga filo. Litiyam aka ɗora ni a kai, tsohon magani ne tun 1949 wani likita John Cade a Ostiraliya ya gano amfaninsa, kuma gaskiya yana aiki, amma ba maganin da za a ba ka a juya baya bane. Tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa tazarar kaɗan ce, dole sai ana gwajin jini lokaci lokaci ana duba ƙoda da sauransu. Ga ƙishirwa ba kaɗan ba, ga rawar hannu, in na ɗauki kofi sai na tallafe shi da hannu biyu ruwan na ɓarewa a jikina Umma na kau da kai kamar bata gani ba.

Bayan sati uku na koma gurin aikina. Ban roƙi komai mai yawa ba, nace a cire ni daga aikin dare saboda rashin barci shi ne babban abin da ke tayar min da ciwon, sannan a bar min rana ɗaya a wata na je asibiti. Oga ya dube ni da tausayi har ga Allah, yace ƙanwata ki je ki huta lafiyarki ta fi, in kin warke sarai sai mu yi magana. Na gane me ake nufi. A tsaye na karanta takardar sallama daga aiki da aka miƙo min har sau uku a bakin matakala hannuna na rawa, ban sani ba ko maganin ne ko zuciyata ce. Sai daga baya na san cewa tun 2006 akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, ta haɗa da masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma a ciki an rubuta cewa a yi wa mutum sassauci daidai gwargwado a gurin aiki don ya ci gaba da aikinsa. Abin da na roƙa kenan ba tare da na san haƙƙina bane, na roƙe shi kaina a ƙasa kamar mai bara.

Aiki ya tafi, albashi ya tafi, magani kuwa ba ya jira. Nan na fara abin da har yau nake jin tsoronsa in na tuna, don Allah kar wanda ya gwada, na koma shan rabin abin da aka rubuta min don ya kai ni ƙarshen wata, ban gaya wa kowa ba saboda na ga yadda Yaya ke lissafi da biro a bayan katina. Ranar ganin likita ta zo ban je ba, ta gwajin jini ma haka.

A nan nake so ku tsaya da ni kaɗan, don wannan ne ya fi ci min rai a duk labarin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na rayuwa da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kusan mutum miliyan 970, amma abin da gwamnatoci ke warewa wannan ɓangaren bai wuce kashi 2 cikin ɗari na kasafin lafiya ba in aka ɗauki matsakaici, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ma kusan biyu bisa ukunsa manyan asibitocin ƙwaƙwalwa yake tafiya. To ni kwana 41 na yi a gado, sauran duk shekarun nan a waje nake yinsu, a gida, a layin karɓar magani, a neman aiki, waye ya ware wa wannan rayuwar wani abu? Kuma ba wai ba a san yadda ake yi bane. A Italiya tun 1978 suka yi doka mai lamba 180 bayan gwagwarmayar likita Franco Basaglia, suka fara rufe gidajen da ake kulle masu lalurar ƙwaƙwalwa, a garin Trieste suka buɗe cibiyoyi cikin unguwanni da ke aiki dare da rana, ka kasa barci ka tashi ka je ka samu mutum. A garin Geel na Beljiyam kuwa shekaru ɗaruruwa kenan iyalai na karɓar masu lalura su zauna da su a gida, yanzu har tallafin kuɗi ake ba iyalan ma'aikatan lafiya na leƙo su. Ranar da na karanta wannan kuka na yi, Yaya ce ta faɗo min a rai, ita da ta ɗauki duk wannan nauyin ita kaɗai ba ko sannu daga wata hukuma.

Mu koma labari. Sati na biyar da rage maganin barci ya fara guduwa, daren farko na ce zafi ne, na biyu na tashi na share gidan tas na wanke kayan da ke a wanke, na uku na cika littafi guda da tsarin wani kasuwanci da nake ji a raina zai girgiza duniya, ina jin wani irin daɗi da ƙarfi wanda na san shi sarai amma bana so a ce min shi ne. Umma ta leƙo da asuba ta ganni zaune tsakiyar takardu tace Auta lafiya dai ko, nace lafiya lau Umma ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba, naga fuskarta ta canja.

Da hantsi wayata tayi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mace ce a natse, tace ƙanwata, nice jami'ar walwala da muka gaisa ranar da za a sallame ki, na duba littafi naga sau biyu baki zo ba. Daga baya na gano ba wanda ya sa ta, ba ya cikin aikinta a rubuce, da kuɗin wayarta take bin irinmu ɗaya bayan ɗaya in ta tashi daga aiki. Na fara zuba mata surutu ina cewa na warke, ta bar ni har na kai aya sannan tace to Alhamdulillah, amma faɗa min gaskiya, yaushe rabonki da barci?

Na yi shiru. Tace ba ni Yayarki.

Abin da suka tattauna da inda ta kai ni washegari, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.